Fayafayan Garmaho a Kudancin Kogin Kaduna: Taskar da Nazarin Hausa Bai Waiwaya Ba

A shekarar 2016 wani kamfanin kiɗa na Amurka mai suna Now-Again ya fitar da kundi biyu masu taken Wake Up You!, kowanne da fayafayansa da littafinsa, a kan tashe da faɗuwar kiɗan rok a Nijeriya tsakanin 1972 da 1977. Uchenna Ikonne ne ya yi binciken, ya bi sawun makaɗan da suka rage a raye, ya tattaro hotuna da tarihin ƙungiyoyinsu. Kafin nan kamfanin Soundway na Ingila ya riga ya fitar da irin wannan tari a 2008 da 2010. Su kuwa fayafayan Fela Kuti, an sake buga su cikin akwatuna na musamman, kowane akwati da shahararren mutumin da ya zaɓi abin da za a zuba a ciki. Na shida ya fito a 2023, kuma Idris Elba ne ya yi zaɓin. Masu sha'awar kiɗa a Turai da Amurka da Japan suna rububin irin waɗannan akwatuna, suna jera su a kanta kamar yadda malami ke jera littattafan da ya fi ji da su.

Abin da ake kira akwatin fayafayai ya wuce tarin waƙoƙi a cikin kwali mai kyau. Idan an yi shi yadda ya kamata, mai saye zai iske ranar da aka ɗauki kowace waƙa, da ɗakin da aka ɗauke ta, da sunan wanda ya kaɗa ganga da wanda ya busa ƙaho, da lambar da faifan ya fito da ita a karon farko, har da bayanin bambancin da ke tsakanin bugu na farko da na biyu. Wato dai aikin tahaƙiƙi ne irin wanda malaman adabi suka sani a kan rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, sai dai a nan murya ce ake tacewa maimakon tawada. To, ina akwatin Mamman Shata? Ina na Ɗan Maraya Jos, ko na Musa Ɗanƙwairo, ko na Haruna Uji? Tambayar ta fi kama da ƙorafin mai kishi, amma a ƙarƙashinta akwai wata matsala ta ilimi wadda ta shafi kowane kundin digiri da aka rubuta a kan waƙar baka, kuma wani ɓangare na amsarta yana kwance a wuraren da manazarta Hausa ba su cika leƙawa ba, irin su Rido.

Rido tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a kudancin Kogin Kaduna, daura da matatar mai da ke kan hanyar Kachiya. An buɗe matatar a 1980, kuma ita ta jawo jama'a suka cika ƙauyukan da ke kewaye da ita, ciki har da Mararrabar Rido. Amma tarihin albashi a wannan sashe na birnin ya girmi matatar da shekaru fiye da ashirin. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Wannan jeri na shekaru ya yi daidai da zamanin faifai a Nijeriya, daga tashensa har zuwa lokacin da kaset ya ture shi. Garmaho da rediyogiram kayan mai albashi ne. Ma'aikacin da ke karɓar kuɗi a ƙarshen wata, yana da ɗaki mai lantarki da falo da zai nuna wa baƙi, shi ne ya fi kowa sayen faifai. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, ma'aikata da yawa suka watse zuwa unguwannin bayan gari inda haya da fili suka fi sauƙi, kowa da ɗan abin da ya iya ɗauka. Duk mai neman inda fayafayan da aka saya a Kaduna suka ƙare, hankali zai ba shi cewa ya fara da waɗannan unguwanni.

Akwai kuma abin da ba a son tunawa. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun mai da kogin iyaka tsakanin mazauna birnin, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa, Kirista da yawa suka koma kudancinsa. Wanda ya tashi cikin firgici ba ya tsayawa ɗaukar faifai. An ƙone na ƙonewa, an bar na bari, abin da ya tsira kuma ya rabu gida biyu tare da masu shi. Sakamakon haka ga fagen nazari shi ne, wani kaso na tarihin sautin Hausa yanzu yana gidajen Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauran al'ummun da Hausa ta zame musu harshen kasuwa da na coci da na hira da maƙwabci. Tsohon masaƙin da ya sayi faifan Bongos Ikwue ko na Ofege yana iya kasancewa shi ne ya sayi na Ɗan Maraya a shago guda, a rana guda, domin kunnen ma'aikacin Kaduna na wancan zamani bai san katangar da aka gina daga baya ba. Manazarcin da ya taƙaita nemansa a zaurukan Tudun Wada da Unguwar Sarki ya bar rabin kayan a ƙetaren ruwa.

Za a ce, mene ne abin damuwa, tunda waƙoƙin suna nan? Gaskiya ne, ba a taɓa samun zamanin da sauraron Shata ya yi sauƙi kamar yau ba. Da ɗan kuɗi kaɗan mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa zai cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi, ga YouTube, ga zaurukan WhatsApp na masoya makaɗan gargajiya, waɗanda suka yi aikin da ya cancanci yabo wajen raya sha'awar abin. Sai dai waƙar da ta iso waya ta iso tsirara. Ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan kamfani, sau da yawa ma sunan da aka laƙaba mata na mai turawa ne, wanda ya ji wata kalma tana maimaituwa a gindin waƙar ya rubuta ta. Ta bi ta hannu goma kafin ta zo: daga faifai ko zaren gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa faifan CD, sannan kwamfuta ta matse ta domin ta yi sauƙin turawa. A kowane zango ana iya yanke farkonta ko ƙarshenta, ana iya haɗa ɗauka biyu a mai da su ɗaya. Rikodar da batirinta ya yi sanyi ko belinta ya saki tana sauya gudun zare, kuma idan gudu ya sauya, kaifin murya da saurin kiɗa duk sun sauya. Ɗalibin da ya zauna yana auna rauji da tsawon gaɓa da hawa da saukar murya a kan irin wannan kwafi, yana auna lafiyar rikodar wani ne tare da fasahar makaɗin, ba tare da ya san inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara ba.

Shi kuwa faifai yana zuwa da shaidarsa a jikinsa. A cibiyarsa akwai takarda mai ɗauke da tambarin kamfani da lambar fitarwa, sau da yawa har da shekara. A filin da ke tsakanin layin ƙarshe na waƙa da wannan takarda akwai wata lamba da aka karce tun a masana'anta, wadda ke nuna uwar faifan da aka buga shi daga gare ta. Kamfanoni suna ba da lambobin fitarwa bi da bi, saboda haka ko faifan bai ɗauki shekara ba, idan an san shekarar na gabansa da na bayansa, an kusa sanin tasa. Da wannan dabara ce masu nazarin kiɗan jaz da na hailaif suka gina jerin tarihin da suke tinƙaho da shi. Ga mai nazarin waƙar fada ko ta siyasa, shekara tana iya warware gardama sukutum. Waƙar da aka yi wa basarake kafin a naɗa shi da wadda aka yi masa bayan naɗi ba su ɗauki ma'ana ɗaya ba ko da kalmominsu sun yi kama, haka nan habaicin da aka jefa a 1964 yana da wanda ya dosa daban da wanda aka jefa a 1979. A yau akasarin irin wannan hukunci ana yanke shi ne da tunanin dattawa, abin da yake da daraja ƙwarai, amma tunani yakan haɗe shekaru, kuma masu shi suna ƙarewa.

Wani abu da ya fi wannan zurfi shi ne yadda faifan kansa ya sassaƙa waƙar. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda ake yi da wani irin ƙaro mai saurin fashewa, fuskarsa ɗaya ba ta wuce kimanin minti 3 idan mai inci 10 ne. Ƙaramin faifan roba mai juyi 45, wanda kamfanin RCA Victor ya ɓullo da shi a 1949, ya ɗan ɗara haka kaɗan. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda Columbia ta fito da shi a 1948, shi ne ya ba da kimanin minti 20 a kowace fuska. Makaɗin da ya saba kwana yana zuba ɗiya a gidan biki ko ƙofar fada, yana ƙari yana ragi gwargwadon wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta, sai ga shi a gaban na'ura an ce masa ya gama cikin minti uku. Dole ya zaɓi ɗiyan da zai sa da waɗanda zai zubar, kuma da wuya a ce sanin cewa muryarsa za ta shiga shaguna a garuruwan da bai taɓa zuwa ba bai shafi irin zambon da zai yarda ya furta ba. Idan manazarci ya rubuta cewa waƙa kaza tana da ɗiya bakwai, ya kuma gina hukunci a kan tsarinta, ya kamata a san ko bakwai ɗin nufin makaɗin ne ko kuwa faɗin faifan ne ya tsayar da shi a nan. Ba za a san haka ba sai an san daga wane irin mazubi kwafin ya fito.

Ba za a ce magabata a wannan fage sun yi sakaci ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana tun 1975. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, kuma abin da Ames ya ɗauka a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960 ya fito a fayafayai biyu cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi har gobe, ya kuma tara matanoni masu yawa a Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun ba da tarihin Shata a littafi mai kauri a 2006. Abin lura dai shi ne, fagen ya taso ne a sassan harshe da adabi, inda matani shi ne sarki. Da zarar an juyar da waƙa zuwa takarda, sai a ga kamar an gama da mazubin da ta zo a ciki, kamar yadda ake yar da ɓawon gyaɗa. Shi ya sa za a buɗe kundin digiri a iske an jera littattafai da muƙalu da cikakken bayanin bugu da shekara da shafi, amma da aka zo kan waƙar da ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, sai a ce an same ta a kaset, ko a wajen wani mai sayar da waƙoƙi a kasuwa. Babu mai duba kundi da zai karɓi irin wannan madogara a kan littafi.

Tarihin Hausa a faifai kuwa ya fi yadda ake zato tsawo. Tun a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan domin sayarwa a kasuwannin yankin, kuma Hausa na cikin harsunan da aka ɗauka. Kamfanin Tabansi, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai na 'yan ƙasa, a Kano ya fara a shekarun 1950 kafin ya koma Anacha, kuma a 2019 wani kamfanin Ingila mai suna BBE ya fara sake buga kayansa. Reshen EMI na Nijeriya ya fitar da fayafayan makaɗan Hausa a shekarun 1970. A ɗakin ɗaukar sauti na wannan kamfani da ke Legas ne Paul McCartney ya ɗauki akasarin faifansa Band on the Run a 1973, faifan da aka yi ta sake bugawa cikin ado iri-iri, har da bugun cikarsa shekara 50. Kamfani ɗaya, shekaru ɗaya, amma na wancan an san inda aka ɗauke shi da lokacin da aka ɗauke shi, na waɗannan kuwa ko cikakken jerin sunayensu ba ya hannun ɗalibin da ke nazarinsu.

A nan ne ya dace a yi adalci ga Turawan da suka yi ta zuwa Nijeriya da Ghana da Benin tun daga ƙarshen shekarun 1990 suna saye tsofaffin fayafayai buhu-buhu. An sha zarginsu da kwashe dukiyar al'adu, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya a inda aka sake buga waƙa ba a nemi mai ita ba. Amma da yawa daga abin da suka saya yana hanyar bola ne, kuma waɗanda suka yi aikin da gaskiya a cikinsu sun nemo makaɗa sun biya su. Illar da ta fi shafar Hausa ta wata fuska ce daban. Abin da suke nema shi ne abin da zai tayar da rawa a gidajen rawa na Landan da Balin: jita mai kuka, ganga irin ta fank, ƙaho. Kalangu da kuntigi da kukuma da kotso ba su shiga wannan ma'auni ba, domin daɗinsu yana cikin magana, kuma mai sayen ba ya jin maganar. Saboda haka idan dillali ya zazzage buhu, sai ya tsince na rok da na afrobit ya bar na Hausa, mai kayan kuma ya fahimci cewa abin da aka bari ba shi da daraja. Kasuwar da ta ceci wani sashe ita ce ta yanke wa ɗaya sashen hukuncin zama shara. Ko da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya waiwayi ƙasar Hausa a 2013, abin da ya buga a faifai shi ne waƙoƙin finafinan Kano a tarin da ya kira Harafin So, da kiɗan organ na Mamman Sani na Nijar wanda aka ɗauka a 1978, wato dai abin da kunnen baƙo zai iya kamawa ba tare da tafinta ba.

Shi kansa fagen nazarin Hausa yana da nasa ma'aunin da ke zubar da wani abu. Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya kafa babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna a shekarun 1970, ya rera waƙoƙi da Hausa a kan jita da ƙahonni da gangunan zamani, kuma Ikon Allah tasa ta shiga gidaje da yawa. Bongos Ikwue ya yi ƙungiyar kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Funmi Adams ta yi waƙoƙin Hausa da yaran shekarun 1980 suka tashi da su. Ga kuma ɗimbin waƙoƙin coci da aka rera da Hausa. Waɗannan ba su shiga rabe-raben makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza ba, ba su kuma shiga rubutacciyar waƙa ba, sai suka faɗa rami a tsakani. Alhali idan ana neman asalin waƙar Hausa ta zamani wadda ake kaɗawa da fiyano a situdiyo, ba daidai ba ne a fara labarin daga finafinan shekarun 1990 kamar babu abin da ya gabace su. Irin waɗannan fayafayai su ne aka fi tsammanin samu a falon tsohon ma'aikaci a Rido ko Sabon Tasha ko Kakuri.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a kawo a kan duk wannan, kuma bai kamata a kauce mata ba. Rayuwar waƙar Hausa ta gaskiya ba a faifan kamfani ta gudana ba. Ta gudana ne a dandali da fada, sannan a rediyo. Gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, wanda ya zama na Tarayya daga baya, da gidajen rediyon Kano da Sakkwato da na Yamai da Damagaram, sun ɗauki abin da ya ninka na kamfanoni sau da yawa, a kan zare mai naɗi. Kuma zare ya fi faifai rauni nesa ba kusa ba. Faifan roba idan an tsayar da shi a tsaye, an raba shi da zafin rana da ƙurar hunturu, yana iya wuce shekara ɗari; abin da ke kashe shi a ƙasar nan shi ne a jibge shi a kwance ƙarƙashin rufin kwano har ya lanƙwashe, ko gara ta cinye kwalinsa, ko yara su mai da shi abin wasa. Zare kuwa yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, ga shi injinan da ke karanta shi sun yi ƙaranci. UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi tun 2019 cewa damar juyar da irin waɗannan zarurruka tana gab da kuɓucewa. Idan kuɗi kaɗan ne, babu shakka zaren gidan rediyo ya kamata a fara ceta. Sai dai wannan aiki ne na hukumomi, mai buƙatar izini da kasafi da injiniyoyi. Aikin faifai kuwa sashe guda na jami'a zai iya fara shi a zangon karatu mai zuwa, kuma shi ne zai ba da turakun shekaru da za a ɗaure sauran kayan a jikinsu, domin zare da kaset sau da yawa ba su ɗauke da kwanan wata.

Matakin farko ma ba ya buƙatar sayen ko faifai ɗaya. Abin da babu shi ne kundin jeri: kowane faifan Hausa da aka taɓa bugawa, da sunan makaɗi, da sunayen waƙoƙi yadda aka rubuta su a jiki ko da an yi kuskuren rubutu, da kamfani, da lamba, da shekara, da hoton kwali gaba da baya. Wayar hannu ta isa ɗaukar wannan. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana cikin birnin, Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya, Gidan Arewa yana nan a tsohon gidan Sardauna da ƙwarewarsa ta adana takardu. Kowace shekara ɗalibai masu neman digiri na farko suna neman batun kundi, kuma da yawansu suna ƙarewa da sake nazarin jigo da salo a waƙoƙin da aka riga aka nazarta sau ashirin. Da za a tura goma daga cikinsu, kowanne da unguwa guda, wani Rido, wani Makera, wani Nasarawa, wani Barnawa, su shiga ta hannun masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin 'yan fansho, su rubuta abin da suka gani su kuma ɗauki hirar mai shi a kan inda ya saya da nawa ya saya da lokacin da ake sa shi, da an sami abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Masu gyaran rediyo na dā da 'yan gwangwan su ma sun san gidajen da kayan suke, domin su ake kira idan za a share ɗaki bayan rasuwa. Faifan ya zauna a hannun mai shi. Idan ya yarda a wanke shi a juya sautinsa da allura mai kyau ba tare da matsewa ba, a mayar masa da abinsa tare da kwafi.

Daga nan ne za a iya maganar akwati, kuma a nan batun haƙƙi zai taso. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Barmani Choge a 2013, saboda haka magadansu suna da sauran shekaru masu yawa na haƙƙi a kan waƙoƙin, ko da wa'adin kamfani a kan faifan 1975 ya cika a 2025. Waɗannan iyalai sun daɗe suna kallon muryar iyayensu tana yawo a kasuwa ba tare da ko sisi ya shigo gida ba. Bugu mai inganci wanda jami'a ta tsaya a kansa, da yarjejeniya a rubuce, da matani da fassara da sharhi, zai zama karo na farko da yawancinsu za su ga an nemi izininsu. Ba lallai ne ya zama na roba ba, ko da yake kasuwar faifan roba ta farfaɗo har cinikinta ya zarce na CD a Amurka a 2020. Ana iya fitar da shi a intanet da littafi a gefe, a buga kaɗan na roba domin ɗakunan karatu da masu tarawa.

Sai dai wani shafi na littafin da zai raka akwatin ba zai jira a gama neman kuɗi ba, shi ne shafin sunaye. Kwalin faifan Hausa yakan ɗauki sunan uban kiɗa kaɗai da hotonsa. Masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira, waɗanda ake jin muryarsu a kowace waƙa, ba a rubuta su ba. Wanda yake saurayi ɗan shekara 25 yana amshi a bayan maigidansa a 1975 ya kai 75 a 2025. Kaɗan daga cikinsu suna nan a Funtuwa da Jos da Maradun da Haɗeja, kuma idan aka kunna musu faifan suna iya cewa wannan muryar wane ce, wancan hannun wane ne a kan kalangu, a gari kaza aka ɗauka, shekarar da aka yi abu kaza.